Lambar da Aka Ba Guguwar Damilu

Ranar wata Talata a damunar 2015, ana shirin kiran la'asar, rufin siton Oga Polycarp da ke unguwar Damilu a Jimeta ya tashi sama bai yi wa kowa sallama ba. An ji ƙara guda mai nauyi, irin wadda ke shiga ta tafin ƙafa kafin ta iso kunne. Ko sati ba a yi ba da tashin bam a kasuwar Jimeta, don haka babu wanda ya tsaya duba sama. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Wani dattijo da ya shekara yana sallah a zaune saboda ciwon gwiwa ya tsallake kwata da tsalle ɗaya. Da aka dawo, sito ba rufi, bangon gabas ya kwanta, ruwa yana zuba kan katan-katan na taliya da sabulu. Ba a rasa rai ba sai na wata akuya, wadda ba a taɓa sanin mai ita ba sai da ta mutu, sannan mutum uku suka fito.

Kowa ya gudu, amma mutum ɗaya aka ga yana gudu. Zadok ne, kafinta, wanda ya taho daga Michika da ƙafa a bara lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin, da matarsa da 'ya'ya biyu da guduma. An gan shi ya fito daga bayan siton da jaka a kafaɗa. 'Yan banga suka tare shi, suka zazzage jakar, sai ga ƙusoshi sun zubo, ƙulli biyu. A shekarar ko yaron goye ya san abin da ake cusawa cikin bam.

Shugaban 'yan bangar unguwa tsohon ma'aikacin gandun daji ne da kowa ke kira Bappa. Ya sa aka kulle Zadok a ɗakin masara da ke jikin zaurensa, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai miƙa shi gaba. Bai faɗi inda gaban yake ba, ba a kuma tambaya ba. A lokacin, wanda aka miƙa gaba ana sanin ranar tafiyarsa, ta dawowa ce ba ta da kalanda.

Malam Jibrilla yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Jimeta, shekara goma sha tara ke nan, da digiri ɗaya da rabin na biyu. A ranar yana ofishin malamai a bene, yana makin jarrabawa, ya ɗaga kai ya ga hadarin ya zuro wani abu kamar hannun riga, baƙi, yana juyawa, ya taɓa ƙasa wajen Damilu na kamar minti biyu sannan ya janye. Ya shekara goma sha tara yana zana wannan abin a allo da alli, bai taɓa ganinsa ba. Da yamma ya faɗi haka a teburin mai shayi a Luggere, aka yi masa irin kallon da ake yi wa mai digiri.

Da safiyar Laraba ya tarar da wata mata a ƙofar gidansa, ta ce ita ce Maman Eli, matar Zadok.

"An ce kai ka gani da ido, Malam. An ce ka ce iska ne."

"Na ce."

"To ka je ka ce wa Bappa. Mu in mun ce, ba ya shiga."

Malam Jibrilla ba jarumi ba ne, kuma bai taɓa yaudarar kansa a kan haka ba. Amma Bappa wan mahaifinsa ne ta wajen kaka, matar kuma ba ta da niyyar tashi daga dakalin. Ya tare Keke Napep.

Ya samu Bappa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, da tocila a cinya da rana tsaka. Aka gaisa da Fulatanci, aka tambayi gida da yara da ruwan jiya, sannan Jibrilla ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Guguwa," in ji Bappa. "Jibrilla, ni na girmi ubanka a ganin guguwa. Tana ɗaukar leda, tana ɗaukar zanen shanya, in ta yi ƙoƙari ta ɗauki hular mutum. Yaushe ta fara rushe bango?"

"Ba irin wannan ba ce, Bappa. Wannan daga hadari take saukowa. A Amurka duk shekara tana share garuruwa. Har ma'auni suke da shi."

"Na me?"

Jibrilla ya yi bayani kamar yana aji. Ana kiransa ma'aunin Fujita, daga sifili zuwa biyar. Ba a auna iskar da kanta, don ba kasafai ake samun na'ura a kan hanyarta ba, in ma an samu ba ta tsira. Sai ta wuce ake zuwa a duba abin da ta karya, a kuma duba yadda aka gina abin. Mai lamba ɗaya tana yaye rufi. Huɗu da biyar su ne masu mugun ƙarfi. Mai biyar tana share gida mai kyakkyawan gini sai daɓe kawai ya rage, ta saɓule ɓawon bishiya, ta yi jifa da mota, gudunta ya haura kilomita ɗari uku da ashirin a awa.

"Wato sai ɓarawo ya tafi ake auna sawunsa," in ji Bappa.

"Kusan haka."

"To je ka auno min. Ka kawo a takarda, da sa hannu, gobe bayan la'asar. In ba takarda, jibi yana gaba." Ya juya tocilar a hannu. "Kai kuma me ya haɗa ka da shi?"

"Ya taɓa gyara min ƙofa."

"Ƙofa," in ji Bappa, kamar mai ajiye kalmar inda zai same ta daga baya.

Jibrilla ya je siton da littafi da awon tela. A hanya yana tsara yadda zai fara: kwanon da ya fi nisa, inda katakai suka fuskanta, yadda suka karye. Ya isa ya tarar da fili fes. Babu kwano ko falle ɗaya, babu katako, babu ƙusa. Har tubalan bangon da ya faɗi, masu lafiyar cikinsu sun yi ƙafa. Wata baiwar Allah ma ta yi shara.

Waɗanda suka ƙirƙiro ma'aunin sun ɗauka ɓarna tana zama inda ta faɗi har mai littafi ya iso. Ba su san Jimeta ba. A nan abin da iska ta ajiye a gidan mutum rabonsa ne, abin da ta ajiye a ƙofar gida kuma ana taimaka mata ya ƙarasa ciki. Ɗaya daga 'yan bangan da ke gadin wurin ya dubi filin ya dubi Jibrilla.

"Ka gani ko, Malam? Iska tana share bayanta? Wannan aikin masu ɓoye shaida ne."

Sai ya shiga gida-gida. A gida na farko aka ce maigidan ya fita, alhali takalmansa na ƙofa. A na biyu wani magidanci ya fito yana goge hannu, da guduma a aljihun baya.

"Kwano? Wane kwano?"

"Shuɗi. Na siton Polycarp. Ba karɓa zan yi ba, dubawa kawai."

"Polycarp ne ya aiko ka?"

"A'a."

"To su waye?"

A gida na biyar labari ya riga shi isa: wai wani mai tabarau yana rubuta sunayen mutane. Yara suka daina amsa masa sallama. Wata tsohuwa ta rantse da kabarin mijinta ba ta ga kwano ba, tana tsaye a gaban sabon akurkin kaji mai shuɗin rufi wanda kajin ma ba su saba da shi ba tukuna.

Adda Aishatu mai waina ce ta buɗe masa, don ya koyar da 'yarta Ikram, kuma yarinyar ta ci darasinsa.

"Shigo, Malam, amma ka bar littafin a aljihu. Falle uku ne. A kan turmina suka faɗo, saura kaɗan su raba ni da kai. In Polycarp yana so, ya fara biyan tsoratar da na yi."

Ta riga ta sa an jingina su a madafi. Jibrilla ya durƙusa ya duba. Babu ƙuna, babu baƙin hayaƙi, babu ƙananan huji irin na abin da ya fashe. Ya sunsuna, ƙamshin man waina kawai ya ji. Kwanon ya nannaɗe ne kamar an murɗe tsumma. Wannan ya faranta masa rai. Sai ya ƙirga ramukan ƙusa, ransa ya koma inda yake. Falle mai wannan tsawo, rami huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kamar an manna kalanda. Akwai guntun katakon da ke kwanciya a kan bango, wanda ta ajiye don hura wuta. Ya juya shi ta ko'ina, babu alamar an taɓa lanƙwaso rodi an ɗaure shi da ginin. Rufin zama kawai yake a kan siton, kamar baƙon da ke jiran a ce ya tashi.

"Adda, kin ce a nan ya faɗo. Maƙwabtanki fa?"

"Na hagu ya samu biyar. Na dama ko ɗaya, yana ta jin haushi. Ni na ce masa rabo ne."

Wannan maganar ce ta sa shi hawa wani benen da ba a gama ba a ƙarshen layin. Daga sama ya ga abin da ba wanda zai faɗa masa a ƙasa. Shuɗi a kan banɗaki, shuɗi a kan akurki, shuɗi an kifa a bayan tanki an rufa masa tabarma rabi. Kuma ba ko'ina ba. Gidajen sun jeru a layi ɗaya siriri, daga siton zuwa arewa maso gabas, da ɗan lanƙwasa a tsakiya kamar lauje. Bam yana watsa kaya ta kowace fuska. Wannan tafiya ce. Mutanen Damilu, ba da saninsu ba, sun adana masa sawun guguwar gida-gida, kowa ya kafa nasa da ƙusa. Gida na ƙarshe a layin, inda ta gaji ta zubar da abin da ya rage, yana da darbejiya a ƙofa, da falle shida a kan rumfar awaki.

Yana cikin zanawa ya ji an ce, "Kai! Sauko!" A damunar 2015, mutum a saman bene yana zana taswirar unguwa. Sai da ya ambaci sunan Bappa sau uku da na kakansu sau ɗaya kafin 'yan banga su sauke gora.

Da yamma Bappa ya yarda ya ga Zadok, amma ta taga, da ɗan banga a tsaye. Zadok yana zaune kan buhun masara, leɓensa a kumbure.

"Kai ka yi rufin nan?" in ji Jibrilla.

"Ni ne, Malam."

"Ƙusa huɗu a falle."

Zadok ya dubi ɗan bangan, ya rage murya. "Abin da Oga ya ba ni ke nan. Na ce a sa rodi a ɗaure, ya ce rodi na masu bene ne. Na ce iska zai ɗauka. Ya ce iska ya san shi."

"To me ya kai ka wurin da jaka?"

"Na ga hadari. Tun da na yi aikin nan, in hadari ya taso ba na iya cin abinci. Na sayo ƙusa da kaina in ƙara. Ina sa tsani ke nan, rufi ya tafi ya bar ni da tsani."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa. Suka ce wane kafinta ne yake ƙara ƙusa ba a aike shi ba."

Jibrilla ya yi tunani, ya ga a gaskiya shi ma bai taɓa jin irinsa ba. Ya kama kansa yana kallon hannayen mutumin, yana neman abin da bai san sunansa ba. Ya ji kunya, amma bai daina kallo ba sai da ya juya.

Ranar Alhamis da safe Oga Polycarp yana jiransa a ƙofar makaranta. Shekara talatin yana Jimeta, ya iya Hausa da Fulatancin ciniki, an ƙona masa shago sau ɗaya ya sake ginawa, kuma ba ya yarda da kowa, abin da ya sa ake ganinsa cikakken ɗan gari.

"Malam, na ji kai ne mai ba iska lamba. Nawa ne babba?"

"Biyar."

"To biyar ne. Ni na ji ƙarar da kunnena."

"Oga, na murza bulonka da yatsa ya zama gari. Ƙusa huɗu a falle. Ma'aunin nan rabi iska yake aunawa, rabi magini. In gini ba shi da ƙarfi, lamba sauka take yi. Ɗaya ce. Da kyar."

Polycarp ya cire hula ya mayar. "Abeg, Malam, ka saurare ni. Rabin kayan da ke ciki na mutane ne, ajiya suka kawo. In ka ce ɗaya, za su ce sitona kwali ne, ba wanda zai sake ajiye ko tsintsiya. Ni kuma dole in ce kafinta ne ya cuce ni, ya ɓoye ƙusa. Ba a jakarsa aka samu ba? Ka ga ka fitar da shi daga bam ka sa shi a sata. In ka ce biyar, aikin Allah ne. Wa zai kai Allah ƙara?"

"In na ce biyar, ƙarya na yi."

"Wa zai zo daga Amurka ya duba?"

Bayan la'asar aka taru ƙarƙashin darbejiyar. Bappa a kujera, 'yan banga a tsaye, Polycarp a kan benci, magidantan unguwa a kan tabarmi, kowannensu yana kallon ko'ina ban da littafin Jibrilla. Maman Eli tana can nesa jikin katanga, inda za ta ji ba a ce ta ji ba.

Jibrilla ya yi bayanin kwanon da babu ƙuna, da yadda ya murɗe. Ya ce guguwa ce, kuma bisa ma'auni lambarta ɗaya.

"Ɗaya," in ji Bappa. "Cikin biyar. Wato 'yar autarsu." Ya juya ga jama'a. "Kun ji. 'Yar autar iska ce ta sa Alhaji mai ciwon gwiwa ya tsallake kwata. Ita ta sa matana suka kwana da takalmi a ƙafa. Jibrilla, ni ban yi jami'a ba, amma na san ƙarar da na ji ba ta lamba ɗaya ba ce. In iskarka ɗaya ce, to ba ita ta yi wannan aikin ba, wani abu ne ya taya ta. Kuma wane kwano ka duba? Mu nan ba mu ga kwano ba."

Aka yi gyaran murya a kan tabarmi. Wani ya ce lallai ba a gani ba.

Jibrilla ya ga yadda abin yake: an tsorata da yawa, kuma ba wanda zai yarda a ce ƙaramin abu ne ya tsorata shi. Ya buɗe littafin a shafin taswira, ya matsa ya durƙusa gefen kujerar, yadda Bappa kaɗai zai gani.

"Ga hanyar da ta bi, Bappa. Kowane ɗigo gida ne da kwano ya sauka. Ka ga layi ne, ba da'ira ba. In an miƙa shi gobe, waɗanda ke gaba za su nemi shaida, dole in ba su wannan. Za su bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, su tambayi kowa dalilin da ya kwashe kaya daga inda bam ya tashi."

Bappa ya bi layin da yatsa, a hankali, yana gane gidajen. Yatsan ya zo ɗigo na ƙarshe ya tsaya. Daga cikin gida wata akuya ta yi kuka a ƙarƙashin sabuwar rumfarta.

Ya rufe littafin da kansa.

"Guguwa ce," in ji shi da ƙarfi. "Ni ma tun farko na yi zargin haka. Amma ba ɗaya ba ce. Gyara lambar."

"Biyar," in ji Polycarp.

"Bappa, biyar ko daɓe da kyar take bari. Ga bango uku a tsaye. Ga darbejiyarka da ɓawonta."

"Wannan darbejiyar kakanka ne ya shuka ta, ba irin na Amurka ba ce."

"Biyu," in ji Jibrilla. "Don girmanka."

"Biyu! Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Polycarp. "Akuya ta mutu fa."

"Bango ne ya faɗo mata."

"Wa ya tura bangon?"

Wani daga kan tabarma, mai falle biyar, ya ce shi a ganinsa a raba, a ba ta uku kowa ya huta. Polycarp ya miƙe kamar zai tafi, aka riƙo rigarsa. Bappa ya tambaya daga wace lamba ce Turawan da kansu suke cewa abin ya fi ƙarfin mutum. Jibrilla, wanda har yanzu bai koyi yin shiru ba, ya ce daga huɗu.

"To huɗu," in ji Bappa. "Biyar a bar wa Allah. Rubuta."

Jibrilla ya dubi takardar. Shekara goma sha tara yana rage wa yara maki a kan ƙaramin kuskure. Ya ɗaga kai ya ga tagar ɗakin masara, da yatsu huɗu riƙe da ƙarfenta.

"In na sa hannu, yau zai kwana a gidansa?"

"In iska ce mai lamba huɗu, me zan yi da kafinta? Masarata ma ta matsu."

Ya rubuta huɗu, ya sa hannu, ya ƙara da sunan digirinsa a ƙasa don Bappa ya ce a sa. Aka buɗe ɗakin. Zadok ya fito yana ƙifta ido, aka miƙa masa jakarsa da guduma da zarto. Ƙusoshin ba a mayar ba, an ce shaida ne. Maman Eli ba ta yi godiya ba, ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun rigar mijinta suka bi layi da sauri, kafin wani ya sake tunani.

Bappa ya riƙe littafin taswirar, wai zai adana. Da Jibrilla zai tafi ya kira shi.

"Ƙofa kawai ya gyara maka?"

"Ƙofa kawai, Bappa."

"To."

Shekara goma ke nan. Takardar tana jikin bangon sabon siton Polycarp a cikin gilashi, kusa da hoton Yesu. Duk wanda ya kawo ajiya sai an nuna masa irin iskar da ta iya da tsohon ginin. Kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya rubuta wa Malam Jibrilla a jarrabawa cewa an taɓa yin guguwa mai lamba huɗu a Damilu, babansa ya gani da ido, ta ɗaga mota. Motar daga baya ta shigo labarin, ba a san mai ita ba. Jibrilla yakan riƙe jan biro a kan layin na ɗan lokaci, ya tuna sa hannun waye a ƙasan takardar, ya wuce.

Zadok bai koma Michika ba. Aiki ya yi masa yawa, don an san shi da kafintan da sai iska mai lamba huɗu ta iya ɗaga rufinsa. Ba ya karɓar aiki sai an yarda da rodi. Har yanzu akwai gidaje biyu-uku a Damilu da ba sa kiransa, suna cewa ba a dai sani ba.

Bana da Jibrilla ya samu ya ƙarasa ɗan gidansa a hanyar Damare, shi ya kira. Ranar da aka gama, Zadok yana sama yana tattara kaya, ya leƙo.

"Malam, tsakaninka da Allah, waccan iskar lamba nawa ne?"

"Ɗaya."

"Na sani. Ni na kafa ƙusan." Ya buga kwanon da tafin hannu. "Wannan kam sai biyar na gaske. Ka kwanta ka yi barci."

Jibrilla ya ce ya gode, ya raka shi har titi, ya tsaya sai da Keke ya sha kwana. Sannan ya dawo ya jingina tsani, ya cire takalmi, ya hau da gwiwoyinsa masu ƙara, ya fara ƙirga ƙusoshi daga falle na farko.